Neman shawara: Squid zai rage mana cin data a ɗakin kwamfutar makaranta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare, kwamfuta 20 a kan rawuta (na'urar raba intanet) ɗaya. Data ba ta kai mu ƙarshen wata. Abin da ya fi damuna kuwa, yara na leƙa shafukan caca da na batsa da zarar malami ya juya baya, alhali amana iyaye suka ba mu. Akwai tsohuwar kwamfuta da na sa wa Ubuntu. Ina so in ɗora mata Squid, manhajar da ke shiga tsakanin kwamfutoci da intanet, ta riƙa tace shafuka, tana ajiye abin da aka riga aka sauke, har da amsoshin DNS, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshinsa na lambobi. Ta ina zan fara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya saka da alheri. Kada ka sa rai sosai a kan ajiyar Squid. Yawancin shafuka yanzu HTTPS ne, a kulle suke wucewa. Sunan shafin kawai Squid ke gani, ba ya ganin abin da ke ciki balle ya ajiye. YouTube da Facebook ba za su ragu da komai ba. Fara da Pi-hole, manhajar tace sunayen shafuka, a kan kwamfutar nan. Shi ne zai riƙa amsa tambayoyin DNS a ƙofa (port) ta 53, ya riƙe amsar har wa'adinta ya cika, ya kuma toshe talla da duk sunan da ka sa a jerin haramci. Ka ba kwamfutar adireshin IP tsayayye, sannan ka saita rawuta ta riƙa raba shi a matsayin DNS. Wanda Pi-hole zai tambaya in bai da amsa a ajiye, sa masa 1.1.1.3 na Cloudflare, wanda ke tace shafukan batsa da masu cutar da kwamfuta.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma Squid na da ranarsa. Da saitinsa na delay_pools za ka iyakance wa kowace kwamfuta gudu, kada yaro ɗaya mai kallon bidiyo ya shanye na kowa. A ƙofa ta 3128 yake sauraro. Ka ɗaga maximum_object_size, wato iyakar girman fayil ɗin da zai ajiye, don a 4 MB yake zuwa, manyan fayiloli ba sa samun shiga ajiya. In kwamfutocin Windows ne, ina kyautata zaton sabuntawa ce ke cinye maka data. Kunna saitin Delivery Optimization na Windows su riƙa karɓar sabuntawar daga junansu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na ji ana cewa Squid na iya buɗe HTTPS ɗin, in yi?

Amsa ta farko: Ana yi, ssl_bump ake kira, sai ka girka takardar shaidar tsaro (certificate) ta injinka a kowace kwamfuta. Ni ban ba ka shawara ba. Kalmomin sirrin malamai da bayanan bankinsu duk ta injinka za su bi a buɗe, wannan nauyi ne babba.

Amsa ta uku: Yallaɓai, yaran yanzu ba sa barci. A rawuta ka hana kowa fita ta ƙofa ta 53 sai injin nan, ka kuma kashe DNS ta HTTPS a Chrome da Firefox, in ba haka ba za su zagaye tacewar. Sannan ka haɗa injin da inbata, don in wuta ta ɗauke ya mutu, duk ɗakin ya rasa intanet ke nan.