Neman kalma: me za mu kira "revival" a wasan dandali?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe za a naɗi shirin rediyo kan mai kallon da ya shiga wasa mai suna Chicago karon farko a Broadway, unguwar gidajen wasa ta birnin New York. Rubutun ya kira wasan revival. An fara shi a 1975, aka rufe a 1977, aka sake ɗora shi a Nuwamba 1996. Ina neman kalmar da mai sauraro zai gane ba sai an yi masa sharhi ba.

Ma'aikacin Rediyo: Wa alaikumus salam. Maimaici.

Malamar Adabi: Malam, maimaici shi ne a sake sa faifan da aka riga aka naɗa, ba a taɓa komai ba. A nan labarin ne da waƙoƙin Kander da Ebb suka zauna yadda suke, saura duk an sake. Walter Bobbie ya ba da umarni, Ann Reinking ta tsara rawar bisa salon Bob Fosse, wanda ya tsara ta 1975. An kwashe kayan ƙawata dandali, 'yan wasa suka koma baƙaƙen kaya, makaɗa suna zaune a tsakiyar dandali kowa na ganinsu. Wanda ya je karon farko yana jiran ƙyale-ƙyale, wannan ne zai fara ba shi mamaki. Ni na ce farfaɗowa.

Ɗan Dandali: Hajiya, farfaɗowa ta mai suma ce. Ta fi dacewa da abin da ya faru bayan korona: an rufe gidajen wasa a Maris 2020, Chicago ya dawo a Satumba 2021 da tsarinsa na da. Wannan ba revival ba ne. Haka ma sauya 'yan wasa, ko ƙaura daga gidan wasa na Richard Rodgers zuwa na Shubert, sannan Ambassador a 2003. Duk shiri ɗaya ne ke tafiya, wasa takwas a mako. Shawarata: sabon zubi. Ƙarfen nan ne dai, an narka an sake zubawa.

Baban Nahawu: Kalma biyu ba suna ba ne, bayani ne. Na daɗe ina cewa a yi amfani da tasau, daga tashi, a ma'aunin kiɗayau. Tasau ɗin Chicago. Harshen da ba ya ƙirƙira, aro zai yi ta yi har ya ɓace.

Ma'aikacin Rediyo: Ranka ya daɗe, tasau ya yi kama da Tasi'u, sunan mutum ne. A iska ba a ganin rubutu, mai sauraro zai ɗauka wani ne ya je Amurka.

Baban Nahawu: Ku 'yan jarida ne kuka cika mana kunne da dirama alhali ga wasan kwaikwayo. To a ce tajdidi.

Malamar Adabi: Kalmar da muke jinginawa ga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a ɗora ta kan wasan da ke maganar kisan kai da gidan yari da rawa? Ba za ta karɓu ba, Malam. Kuma wasan kwaikwayon da kake karewa kalma biyu ce.

Ɗan Damagaram: Ku riƙa tunawa da mu. Shirin nan ana jin sa a Nijar, inda 'yan boko ke cewa reprise. Hausar Kano ba ita kaɗai ce Hausa ba. Sabon zubi kuwa za a gane shi daga Maraɗi har Zariya.

Ɗan Dandali: Matsalarsa ɗaya: wasan da ya haura shekara 25 ana yi, kiran sa sabo zai rikita mutane. A haɗa shi da shekara, sabon zubin 1996. A ambaton farko kuma a ƙara cewa wasa ne da waƙa ke ɗauke da labarin, kada a zaci irin waƙar da ake tsarmawa a tsakiyar fim ce.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai. Na rubuta: wasan kwaikwayo na waƙe, sabon zubin 1996.

Baban Nahawu: A sa shi a shirin gobe tunda lokaci ya ƙure. Amma a ƙamus ban yarda ba, sai an zauna.