Ƙanwata ta kafe sai kimiyya, ku ba mu shawara

Yayan Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanwata na aji biyu na babbar sakandare a nan Gombe. A gida kowa likita yake kira mata, ita kuwa ta ce aikin bincike take so, na ɗakin gwaje-gwaje. Waɗanda suka bi hanyar nan, me za ta fara riƙewa?

Malamar Kemistiri: Wa alaikumus salam. Lissafi, tun yanzu. Yarinyar da ke gudun lissafi, Fiziks da Kemistiri za su kayar da ita komai haddarta. Sai ta haɗa kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji. Amma abin da ya fi ci min rai shi ne aikin hannu. Ina karɓar yaran da suka haddace yadda ake ɗiga asid a ruwan alkali har launi ya juya, alhali ba su taɓa riƙe kwalbar ba. Ranar jarrabawa hannu na rawa, a buɗe famfon kwalbar asid ɗin da ƙarfi, ruwan ya zarce. Ka je makarantarsu da kanka ka ce a nuna maka ɗakin gwajin. In a kulle yake ya yi ƙura, ku nema mata darasin Asabar inda ake da kayan aiki.

Baban Khalifa: Gaskiya ne Malama. Ta kuma saba da kwamfuta, don a kanta ake JAMB.

Ɗan Yelwa: Ni Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) na yi a Bauchi. A gaya mata gaskiyar shekaru kada ta zaci sha yanzu magani yanzu ne. A can kwasa-kwasan kimiyya shekara 5 ne, a ciki har da zuwa koyon aiki na SIWES. Sai bautar ƙasa, digiri na biyu wajen shekara 2, na uku aƙalla 3. Ban da yajin aikin malaman jami'a; na 2022 kaɗai wata 8 ya ci. Wurin SIWES ɗin nan ta zaɓa da kyau, inda za a bar ta ta taɓa na'ura, kamar kamfanin siminti na Ashaka ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom.

Anti ta Kaltungo: Ɗana, ka kawo min ita hutu ta ga abin da ake karatun domin sa. A nan, lokacin noma da girbi, kububuwa na saran manoma, kuma dafinta hana jini daskarewa yake. Don a gane ko dafi ya shiga, ana ɗibar jinin wanda ta sara a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20, sannan a karkata ta. In ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, sai allurar maganin dafi. Maganin nan kuwa daga waje ake kawo shi, ga macijin a gonarmu. Wannan yana damuna ƙwarai. Yaranmu nake so su kai ga haɗa shi, shi ya sa ba na son a tanƙwara ta dole zuwa likitanci.

Yayan Ummi: Allah ya saka, Anti. To kuɗi fa? Nan ne ƙarfina ya ƙare.

Ɗan Yelwa: Digirin farko ta yi kusa da gida, Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere. Ta dage da maki tun aji ɗaya na jami'a, domin tallafin PTDF (asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur) na digiri na biyu da na uku sakamako mai kyau yake nema. Tallafin TETFund kuwa (asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu), ba za ta samu ba sai ta zama malamar makarantar gaba da sakandare ta gwamnati.

Malamar Kemistiri: Ina da tsofaffin takardun tambayoyin Kemistiri da Fiziks. Ka turo ta ranar Asabar bayan La'asar, ta zo da littafin lissafinta in ga inda take.

Yayan Ummi: Da kaina zan kawo ta, in sha Allah.