Ina son zuwa Tanzaniya koyon Swahili da aikin sa-kai, wa ya taɓa zuwa?

Ɗan Autan Hajiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa zama a Tanzaniya ko Kenya, ba wanda ya gani a TikTok ba. Na gama bautar ƙasa, harsuna na karanta a jami'a kuma tun ina aji uku Swahili ya shiga raina, yanzu na ɗan tara wani abu ina so in je in yi kamar wata huɗu zuwa shida in koyi yaren a bakin masu shi, in da hali kuma in haɗa da aikin sa-kai ko koyarwa a wata makaranta don kada zaman ya tafi a banza. Na ga wasu kamfanoni a intanet suna cewa ka biya su su haɗa maka komai, masauki da abinci da gidan marayun da za ka yi aiki, amma kuɗin da suka yanka wallahi sai da na sake ƙirga sifilin. Shin haka ake yi dama, mutum ya biya kuɗi don ya yi aiki kyauta? Sannan Kenya ko Tanzaniya, wanne ya fi? Ya maganar biza? Hajiya kuma ta ce ba inda za ni sai ta ji akwai masallaci da abincin halal.

Baƙon Unguja:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na yi wata bakwai a Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya, a kan wannan harkar, bari in fara maka da inda ake faɗuwa, wato takardu. Mai fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgin Tanzaniya, muna cikin jerin ƙasashen da suke kira rifaral, mu da Nijar da Mali da Chadi da wasu, ma'ana sai ka cike fom a shafin hukumar shige da ficensu, su aika da takardunka sama a duba a amince kafin ka motsa. Ka ba shi wata biyu ko fiye kuma kada ka kuskura ka yanki tikiti kafin amsa ta fito. Na biyu, bizar yawon buɗe ido ba ta karatu ba ce ba ta aiki ba ce, ko da aikin kyauta ne. Ɗalibi da ɗan sa-kai da mai bincike in za su daɗe, izinin zama na rukunin C ake nema musu, kuma makarantar ko ƙungiyar da ta gayyace ka ita ke tsaya maka. Duk wanda ya ce maka shigo kawai da ta yawo ai ba mai tambaya, to ranar da aka tambaya ba za ka gan shi ba. Katin rigakafin shawara shi ma dole ne. In Zanzibar za ka shiga akwai inshorar dole da suka fara a watan Oktoban 2024, dala 44. Leda kuma kada ka cusa a jaka, sun haramta ta tun 2019.

Wajen karatu, Jami'ar Darussalam tana da cibiyar nazarin Swahili da ake kira TATAKI, a Zanzibar akwai jami'ar gwamnati SUZA da ta daɗe tana koyar da baƙi, can kusa da Arusha kuma akwai wata cibiyar horo, MS TCDC, a garin Usa River. Ni SUZA na yi, dalilina shi ne daidaitaccen Swahilin da ake rubuta littafi da shi a kan karin garin Zanzibar aka gina shi, Kiunguja, to ka ga abin da aka koya maka da safe shi za ka ji a bakin mai kifi da yamma.

Yaren kansa zai ruɗe ka da sauƙi a satin farko saboda Larabcin da muka yi tarayya a ciki, za ka ji habari ka gane labari, akili hankali, hatari hatsari, sabuni sabulu, ƙirga ma ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sai ka ce ai wannan Hausa ce aka murguɗa. Ba shi da karin sauti irin namu na hawa da sauka, ba ruwansa da namiji ko mace, yeye kawai. Sai an shiga rukunan suna za ka san ka zo, mtu watu mutum mutane, kitu vitu abu abubuwa, mti miti bishiya bishiyoyi, kuma sifa da aikatau da komai na jimlar sai ya bi rukunin sunan. Ga kalmomi masu yaudarar Bahaushe, gari a wajensu mota ce, kuku kaza, kaka kuma ɗan uwa namiji, ranar da wata dattijuwa ta kira ni kaka sai da na waiga.

Amma abin da ya fi ba ni kunya agogo ne. Malamarmu ta ce kesho saa mbili, kesho gobe ke nan, ni da na haddace mbili biyu ne sai na yi kwanciyata na tashi na yi wanka na isa ƙarfe biyun rana, na tarar har an share ajin an kulle. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga, bakwai na safe ita ce saa moja, takwas saa mbili, azahar ƙarfe ɗaya saa saba. Dabarar ita ce ka kalli lambar da ke tsallaken wadda allurar agogo ke nunawa. In za ka hau jirgin ruwa daga Dar, wato Darussalam, zuwa Zanzibar, tafiyar wajen awa biyu, ka tambaya sau biyu wane agogon ake nufi.

Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, Zanzibar kusan kowa Musulmi ne, a Mji Mkongwe, tsohon garin Zanzibar, ba ka tafiyar minti biyar ba ka wuce masallaci ba. Sai dai Shafi'awa ne yawancinsu, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba kuma bayan an ɗago daga ruku'in raka'a ta biyu a ɗaga hannu a yi ƙunuti a bayyane, ni ranar farko har na kai goshi ƙasa ni kaɗai.

Sarkin Yawo:

Ni dai Kenya zan ce maka. Shigarta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, Nairobi akwai harka, ƙungiyoyin duniya cike suke, har ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya na can, M-Pesa tun 2007 suke amfani da ita ko ruwan roba za ka saya da waya za ka biya. In ka gaji ka hau jirgin ƙasa ka sauka Mombasa. Tanzaniya komai a hankali ake yi kamar ba a son gamawa.

Baƙon Unguja:

Sarkin Yawo ai ba harka ya ce yana nema ba, yare ya ce. A Nairobi kana buɗe baki da guntun Swahilinka za a mayar maka da Turanci, matasan kuma Sheng suke yi, gaurayen Swahili da Turanci da wasu yaruka ne, sai ya dawo da abin da ba zai ci jarabawa da shi ba. In Kenya ce dole to Mombasa ko Lamu. A Tanzaniya kuwa tun zamanin Nyerere, shugabansu na farko, aka ɗora ƙasar a kan yaren, majalisa da shi, firamare da shi, kwandastan daladala, bas ɗinsu ta haya, ba zai yi maka Turanci ba ko za ka mutu, wannan tilas ɗin ita ce makarantar.

Malam Mai Alli:

Ɗana, ni a kan aikin sa-kan zan yi magana don na koyar shekara biyu a wata sakandare a can. Tambayarka ta farko ita ce amsarka. Yawancin waɗancan shirye-shiryen na biya ka yi aiki an tsara su ne don yaran Turawa masu hutun shekara kafin jami'a, farashin ma da aljihunsu aka auna, kuma kaso mai tsoka a hannun kamfanin yake tsayawa. Gidan marayu kuwa ni ban ba ka shawara ba sam. Yaro ya saba da kai sati uku ka tafi, wani ya zo ya saba da shi ya tafi, me aka yi masa? Da yawan yaran ma suna da dangi a raye, talauci ne ya kai su.

Ka tambayi kanka me ka iya wanda ake buƙata. Tsarinsu shi ne firamaren gwamnati da Swahili ake koyarwa, ana shiga sakandare sai a juya Turanci gaba ɗaya, to ɗan aji ɗaya yana zaune yana kwafar allo tsaf da kyakkyawan rubutu amma bai san me ya rubuta ba. Na taɓa yin minti arba'in ina bayani, ina tambaya kun gane suna amsawa baki ɗaya, da na duba littattafai sai na ga har "ku buɗe shafi na goma" da na rubuta a gefen allo sun kwafa a matsayin darasi. Sai da na iya jefa Swahili a tsakiyar bayani sannan ajin ya fara motsi. Saboda haka in ka sauka yau ka shiga aji gobe, kai za ka ƙaru da hotuna, su ba abin da za su samu. Ka yi wata uku kana koyo tukuna, malamanka na can su za su haɗa ka da makarantar da ke neman mai taimako da gaske, a gyara maka takarda a kan haka. Shekarar karatunsu a Janairu take farawa, ka lissafa da wannan.

In kuma so kake a ɗauki nauyinka, akwai hanyoyi na hukuma. Najeriya tana da shirin taimakon ƙwararru da ake kira TAC tun 1987, tana tura ƙwararru shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan, sai dai masu gogewar aiki suke ɗauka. Tarayyar Afirka tana da shirin matasa 'yan sa-kai na wata 12, akwai kuma na Majalisar Ɗinkin Duniya. Gasa ce mai zafi, kuma ba kai ke zaɓar ƙasa ba yawanci. Yaren dai ba asara, Tarayyar Afirka ta sa shi cikin harsunan aikinta a 2022, UNESCO kuma ta ware masa 7 ga Yuli.

Uwar Biyu:

Ni rakiyar maigida na yi muka zauna a Dar, abu biyu zan ƙara. Gaisuwa, kada ka wuce babba ba ka ce shikamoo ba, zai amsa marahaba, kuma ba a faɗa wa gida sai an ce hodi an ji karibu. Mutane ne masu sanyin magana, mu kuma muryarmu a sama take, a kasuwar Kariakoo na taya atamfa yadda na saba mai shagon ya ɗauka faɗa nake. A shago ma naomba suke cewa, ina roƙo, alhali da kuɗinka za ka saya. Sannan ka zauna da iyali in ka samu, kada ka kama ɗaki da 'yan uwanka baƙi ku yini kuna Turanci. Ugali, tuwon masararsu, ba zai ba ka wahala ba, yaji ne dai babu, ka ƙullo naka a gwangwani. Ka guji isa a Maris zuwa Mayu, lokacin masika ne ruwa ba ya ɗaukewa, in kuma Arusha ka zaɓa to Yuni da Yuli sai da rigar sanyi. Wajen tsallaka titi ka fara duba dama, ta hagu suke tuƙi, bodaboda, acaɓarsu, ta kusa kwashe ni a satin farko.

Eja kuma a kiyaye. Wani ya karɓi kuɗin ƙanin maigidana a kan zai fitar masa da biza cikin sati guda, har yau lambarsa a kashe.

Ɗan Autan Hajiya:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, asanteni sana, in ban yi kuskure ba. Na fasa maganar kamfanin. Gobe zan rubuta wa SUZA da TATAKI in ji kuɗin kwas ɗin wata uku da kuma ko su ke nema wa mutum izinin zaman. Yaya Baƙon Unguja, iyalin da ka zauna wajensu makaranta ce ta haɗa ku ko kai ka nema da kanka? Kuma shilin nawa kake kashewa a wata in an cire kuɗin makaranta, don in san ko wata shidan nan zai koma huɗu.