"Suna linzami": to masu suna ɗaya fa, wa ke jan wa?

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Jiya an yi cacar baki a gidanmu kan sunan jariri. Ƙanena ya samu ɗa namiji, Baffanmu ya ce a mayar da sunan marigayi mahaifinmu, Muhammadu Sani. Uban yaron ya ɗauko waya, ya haɗa sunan da nasa ya rubuta a Facebook, ya yi ta ja ƙasa masu sunan ba su ƙare ba. Wani ɗan sanda, wani mai gyaran waya, wani hoton zaki ya sa. Ya ce shi ba zai jefa ɗansa cikin wannan taro ba. Baffa ya ce, "Suna linzami ne, yaro halin mai sunansa yake bi." Ƙanen nawa ya miƙa masa wayar ya ce, "To Baffa, wanne daga ciki zai bi?" Baffa ya ɗauki butarsa ya fice. Wa ke da gaskiya?

Malam Na-Zaure: Wa'alaikumus salam. Baffa bai faɗi son ransa ba. Yana cikin Bukhari, kakan Sa'idu ɗan Musayyib sunansa Haznu, wato tsanani, Annabi (SAW) ya ce masa kai Sahlu ne, wato sauƙi, ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya raɗa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsananin bai bar gidansu ba. Kuma yaro ya miƙa wa Baffansa waya a gaban mutane, wannan ma abin dubawa ne.

Uwar Biyu: Malam, Allah ya gafarta, ni ba haka na taso na ji ana amfani da ita ba. Mu in an ce suna linzami, kira ake nufi. Mutum na tafiyarsa, ka ambaci sunansa, dole ya waiwayo ko bai so. Babu ruwanta da hali.

Sarkin Zolaya: Hajiya, je ki kasuwar Kurmi ki ɗaga murya ki ce "Malam Sani!" Sai kin rasa wanda za ki saurara. In kuwa kika ƙara da "zo ka biya bashin nan", ko ɗaya ba zai juyo ba.

Bakatsine: Ai yawan takwara ba yau aka fara ba, kuma magabata sun yi maganinsa. Me ya kawo Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu har Ashiru? Gida ɗaya ne kowa Muhammadu, aka bi su da lissafi. Ku dubi sarakunan Kano: Rumfa, Kisoki, Zaki, Alwali, Abbas, Sanusi, Inuwa, duk Muhammadu ne. Wa ya taɓa rikita Rumfa da Alwali? Laƙabi ke rarrabewa. Da boko ya zo aka koma liƙa sunan gari, shi ya ba mu Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan rubutun Faransa ya raba muna gardama. Mahamane Ousmane, Mamadou Tandja, Mahamadou Issoufou, Mohamed Bazoum, shugabanni huɗu munka yi da suna guda, kowa da yadda aka rubuta mishi a takarda. In linzami guda na, ai da hanya guda sunka bi.

Malam Na-Zaure: Kama da wane ba ta wane. Wannan ma Bahaushe ya faɗa.

Uwar Biyu: To Malam ka rushe maganarka ta farko kenan.

Malam Na-Zaure: Ban rushe ba Hajiya. Fata daban, tabbas daban.

Jikar Indo: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta. A Zariya aka kai ta aure, babban gida, mijinta fatauci yake yi zuwa Kumasi sarin goro, sai ya yi wata da watanni bai dawo ba. A'isha huɗu ne a gidan. Akwai kishiyar uwar miji, ana ce mata Shatu. Akwai ƙanwar miji, A'i, da aurenta ya mutu ta dawo gida. Akwai kakata, uwargida, Indo. Sai 'yarta ta fari da aka mayar wa sunan wata gwaggo, ana kiranta Ummi. Babu wadda ake kira da sunan yanka.

Wata rana wani abokin tafiyar maigidan ya riga shi dawowa, ya tsaya a zaure ya aiko yaro da ƙunshi, ya ce maigida ya ce a ba A'isha. Yaro ya shiga tsakar gida yana "wai ina A'isha?" Kowa ta ci gaba da abin da take yi. Kakata tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba. Sai da yaron ya gaji ya kwance ƙunshin, ga turmin atamfa sabo fil, har da takardarsa a liƙe. Nan take A'isha huɗu suka bayyana.

Aka kai magana gaban uwar miji. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma, ta ajiye atamfar a cinya, ta ce: "Shatu uwa ce, ɗana ba zai kama sunanta ba. Ummi 'yar fari ce, ba zai kama ba. Indo uwargida ce, in ya kama sunanta a gaban abokinsa to ba ni na haife shi ba. Saura wa?" A'i ta miƙo hannu biyu.

Kakata ba ta ce uffan ba. Amma ranar sallah da A'i ta ɗaura zanen, ita ta ƙi fitowa daga ɗaki, wai ciwon kai.

Sarkin Zolaya: Tsohuwar nan da ta yi boko da babu mai kayar da ita a kotu. Kuma 'yarta ta ba wa, ku lura.

Uwar Biyu: Zalunci ne wallahi. Wane namiji ne zai je har Kumasi ya tuna ƙanwa ya manta mai yi masa tuwo? Da maigidan ya dawo fa?

Jikar Indo: An tambaye shi, a gaban uwarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda Inna ta yi ya yi daidai." Shi kenan. Har ya rasu bai faɗa ba, ita ma ba ta sake tambaya ba. Amma har ta tsufa in A'i ta zo gaishe ta, bayan ta tafi sai ta ce mana, "Ɓarauniyar zanena ta tafi?" Kuma tare suke cin goro, ko asibiti tare suke zuwa.

Bakatsine: Anya ba abokin ne ya ɓata saƙon ba? Mai yiwuwa maigida "mutanen gida" ya ce, shi kuma ya yi karambanin fassara.

Jikar Indo: Yaya, kakata ma haka ta ɗauka. Shi ya sa ba ta ƙara aika wa mutumin da tuwon sallah ba.

Sarkin Zolaya: Yau ma haka ake yi ai. Sunanka ya fito a jerin masu tallafi, ka je da katinka, a ce takwaranka ya karɓa tun safe. Kuma takwaran nan kullum a gidan mai girma wane yake kwana.

Ɗan Kantin Kwari: Su da kansu ma suna uku-uku gare su. Na firamare daban, na sakandare daban, na fasta daban. Kun manta Bayelsa a 2020? Ana gobe rantsarwa Kotun Ƙoli ta soke nasarar zaɓaɓɓen gwamna, saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa sun sha bamban. Namu na nan dai Allah ya rufa asiri.

Malam Na-Zaure: A bar siyasa don Allah.

Ɗan Kantin Kwari: Ban kama sunan kowa ba Malam. Duk wanda ya waiwayo shi ya sani.

Ɗan Maraɗi: Hajiya Uwar Biyu ta ci gardama kenan.

Bakatsine: Yanzu gwamnati ma ta daina dogara da suna. NIN ta katin ɗan ƙasa lamba 11, BVN ta banki lamba 11, su banki ke tambaya kafin ya saurare ka. Sai dai a Ingila ma hukumar ƙididdiga ta ce Muhammad ne ya zo na ɗaya a sunayen jarirai maza na 2023. Ƙanen Ɗan Gwammaja ko can ya gudu zai tarar da taron.

Uwar Biyu: Ni dai har yanzu zanen nan ke cina. Jikar Indo, A'in tana da jikoki? Ai ya kamata a bi kadi.

Jikar Indo: Hajiya, ɗaya daga cikinsu nake aure.

Sarkin Zolaya: To a duba lefe. Turmi nawa aka sa?