Minti goma a kan Dominik Hašek: ta ina zan kamo zaren?

Ɗalibi a Pardubice:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka zauna Jamhuriyar Cek ko Amurka ko Kanada. Wata na bakwai ke nan a garin Pardubice na ƙasar Cek ina digiri na biyu, da yamma kuma ina shiga ajin koyon harshen Cek. Malamarmu ta ce kowa ya zaɓi ɗan ƙasar nan guda ya yi jawabin minti goma a kansa da harshensu, ranar Alhamis ta makon gobe, kuma za ta gayyato 'yan gari su saurara.

Ni Dominik Hašek na zaɓa, golan hokin ƙanƙara, kuma kunyar da na sha ce ta sa. A ƙofar shiga gidan da nake haya akwai hoton wani mutum kwance rigingine a kan ƙanƙara, ƙafa ɗaya a sama, sandarsa can gefe. Na tambayi dattijon mai gidan ko ɗansa ne ya zame ya faɗi. Kallon da ya yi mini kamar na tambayi Bakano ina Dala take. Ashe ɗan garin ne, a nan aka haife shi a 1965.

To yanzu na cika shafi uku da kofuna: gwarzon gola na NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, sau 6, gwarzon ɗan wasa sau 2, kofin Stanley na zakarun gasar sau 2, zinaren Olamfik. Na karanta wa abokin zamana ɗan Cek, kafin in kai rabi ya fara hamma. Ta ina zan fara, me zan zubar? Ko in sauya mutum tun da sauran lokaci?

Mai Chelsea har abada:
Wa alaikumus salam. Malam me ya kai ka wasan da ba ka taɓa bugawa ba? Ga Petr Čech nan, ɗan ƙasarsu ne, kai ma ka san shi tun kana gidan kallon ƙwallo. Minti talatin ma za ka yi ba ka duba takarda ba.

Injiniya daga Buffalo:
Ƙanena kada ka sauya. Shi kansa Čech ɗin da ya ajiye ƙwallo, hokin ya koma, ya shiga ƙungiyar Guildford Phoenix a Ingila a 2019, kuma lamba 39 ya saka a baya, lambar Hašek, don girmamawa. Ka ga ai ka samu ƙofar shiga: ka gaya musu cewa a garinku kowane yaro ya san Čech, sai da ka zo nan ka gano golan da shi Čech yake kallo.

Matsalar takardarka ita ce kana karanta wa mai gona iyakar gonarsa. Sun fi ka sanin kofunan nan. Abin da zai sa su ɗago kai shi ne shekarun jira. Ƙungiyar Chicago ta NHL ta zaɓe shi tun 1983, na 199 a jerin waɗanda aka ɗiba a shekarar, amma ƙasar tana hannun 'yan gurguzu, matashin ɗan wasa ba ya ɗaukar jaka ya tafi sai dai ya gudu ya bar danginsa. Bai gudu ba. Ya zauna Pardubice ya ci musu kofin ƙasa a 1987 da 1989, ya yi aikin soja a ƙungiyar Dukla Jihlava. Sai da gwamnatin ta faɗi a ƙarshen 1989 sannan ya tafi Amurka a 1990, yana da shekara 25, sunansa ya riga ya cika Turai.

Ya isa Chicago ya tarar Ed Belfour ya riƙe raga. Aka zaunar da shi benci, aka riƙa tura shi ƙaramar ƙungiyarsu a Indianapolis. Masu horarwa ba su yarda da salonsa ba, don ba haka aka koya musu tsaron raga ba: ya kwanta, ya mirgina, ya yar da sanda ya damƙe faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo da hannu, wani lokaci da kai ma yake tarewa. Hoton gidanku ke nan, ba faɗuwa ya yi ba, aiki yake. A 1992 suka miƙa shi Buffalo a musayar da ba wanda ya ɗauka da muhimmanci. A nan ma sai da Grant Fuhr ya ji rauni sannan ragar ta zama tasa, yana dab da shekara 29. Duk kyaututtukan gwarzon golan da ka lissafa, daga 1994 zuwa 2001 ya tara su.

Idan kana son wasa ɗaya da za ka zana musu, ɗauki na Afrilun 1994 da New Jersey. An ƙara lokaci har sau huɗu, ya tare hari 70, Buffalo ta ci 1 da nema. Tsofaffin wurin aikina har yau suna gardamar wanda ya yi barci kafin a tashi. Lambarsa tana rataye a rufin filin wasan garin nan tun 2015, ba mai sake saka ta.

Anti Malama, Kaduna:
Ɗana, ni ban taɓa ganin ƙanƙarar da ta wuce ta cikin firji ba, amma shekarata ashirin ina sauraren jawabin ɗalibai. Minti goma da harshen da kake koyo, shafi ɗaya da rabi ne. Labari ɗaya, adadi kada ya wuce uku, don lambobi su ke fara harɗe harshe. Ka haddace jimlar farko da ta ƙarshe, sauran ka duba takarda. Kuma ka fara da labarin hoton nan. Mutumin da ya yi wa kansa dariya, masu sauraro sun yafe masa nahawu.

Tsohon ɗalibin Prague:
Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka tono wannan. Injiniya ya yi magana mai kyau, amma ban yarda ka tsallake gasar Olamfik ta Nagano a Japan ba. Shi daga Amurka yake kallon mutumin, su kuwa waɗanda za su zauna gabanka daga Fabrairun 1998 suke kallonsa. Ina Prague a lokacin, na gama karatu ina aiki a wani kamfani.

Ka fahimci abin da ya sa gasar ta yi nauyi. Shi ne karo na farko da NHL ta tsayar da wasanninta ta saki 'yan wasanta zuwa Olamfik, don haka Kanada da Amurka suka zo da duk manyansu. Ƙasar Cek kuma shekararta biyar kacal da rabuwa da Sulobakiya. Ba wanda ya sa su a lissafi. Suka fitar da Amurka 4 da 1. Aka zo wasan kusa da na ƙarshe da Kanada ranar Juma'a, saboda bambancin lokaci da Japan da safe muke kallo. A ofishinmu wani ya shigo da ƙaramar talabijin ya ɗora kan kabad ɗin fayil, har shugaban sashe ya jawo kujera. Cek na gaba da 1 har saura kamar minti ɗaya Trevor Linden ya farke. Wata dattijuwa mai yi mana lissafin albashi ta fita baranda ta ce ba za ta iya kallo ba, a riƙa faɗa mata.

Aka tafi bugun daga kai sai gola. Robert Reichel ya ci wa Cek bugun farko. Kanada ta turo mutum biyar: Fleury, Bourque, Nieuwendyk, Lindros, Shanahan. Ko ɗaya bai shiga ba. Na Lindros ƙarfen raga ya daka, sai ka ji ofis ya yi tsit kafin ihu ya ɓarke. Wayne Gretzky, babban gwarzon hokin Kanada, yana zaune a benci, kocinsu bai sa shi cikin biyar ɗin ba, 'yan Kanada har gobe ba su huce ba. Ranar Lahadi 22 ga wata aka yi wasan ƙarshe da Rasha da asuba, Petr Svoboda ya ci ɗaya tilo, aka tashi 1 da nema. Wasa shida a gasar, sau shida kawai aka zura wa Hašek.

Sannan ka tuna da wa aka doke. Tankokin Tarayyar Sobiyet sun shiga ƙasar a 1968, kuma tun daga lokacin wasan hoki da Rasha ya wuce wasa a wurinsu. Da tawagar ta dawo, na bi jama'a zuwa dandalin Tsohon Gari cikin sanyin da ke fasa leɓe. Abin da ake ta rerawa shi ne "Hašek na Hrad", wato a kai Hašek fada, fadar da shugaban ƙasa Václav Havel yake zaune. Ka faɗi kalmomin nan uku a gabansu ka ga yadda fuskar dattawa za ta sauya. Kuma sunan, Hashek za ka ce, kada ka ce Hasek.

Injiniya daga Buffalo:
Baba na karɓi gyara, Nagano ba ta tsallakuwa. Amma ina nan a kan bakana cewa kada ta cinye minti goman. In ya ba su labarin da kowannensu ya ba jikokinsa sau ɗari, hamma za ta dawo. Ya nuna musu mutumin da aka ajiye a benci, sannan ya kai su bugun biyar ɗin.

Mai Chelsea har abada:
To na sauka daga kan Čech. Amma ba Jaromír Jágr ne babban ɗan hokinsu ba? Shi na fi jin ana ambata.

Tsohon ɗalibin Prague:
Jágr babba ne, maki 1,921 a NHL, Gretzky kaɗai ke gabansa, kuma lambarsa 68 tunawa ce da shekarar da na ambata. Yana cikin tawagar Nagano ɗin ma. Amma ɗan Kladno ne, kuma na yi imani rabin ajin shi za su zaɓa. Wanda ke cin tuwon Pardubice ba ya tashi a gaban mutanen Pardubice ya yi kirarin ɗan wani gari.

Hajiya mai jinya, Toronto:
Ƙanena abu biyu. Na farko, ƙarshen labarin yana hannunka ba ka gani ba. Buffalo ta kai wasan ƙarshe a 1999 ta sha kashi hannun Dallas da cin Brett Hull da har yau ake gardama a kansa. Hašek ya koma Detroit a 2001 ya ɗauki kofin Stanley a 2002, ya ce ya yi ritaya, ya dawo. A Olamfik ta Turin 2006 ya ji rauni tun wasan farko, ƙasarsa ta ƙare da tagulla. Ya sake ɗaukar kofi a 2008, ko da yake a wannan karon Chris Osgood ne ya karɓi ragar a wasannin ƙarshe. Ya sake cewa ya ajiye. Sai ga shi a 2009 ya dawo Pardubice, ya ci musu kofin ƙasa a 2010 yana da shekara 45, a ƙungiyar da ya fara yi wa wasan manya yana ɗan 16. Wasu daga cikin masu sauraronka suna cikin filin a kakar nan. A nan za ka tsaya. Shekararsa ɗaya a Spartak Mosko da shigarsa zauren gwarzaye na nan Toronto a 2014, bar su sai in an tambaya.

Na biyu, ka kiyayi siyasa. Mutumin yana sukar Rasha da kakkausar murya tun da aka fara yaƙin Yukren, ya kuma tsaya takarar sanata a 2024 bai ci ba. Ra'ayinsu ya rabu a kan wannan, kai kuma baƙo ne. In wani ya jefo tambayar, ka ce kai tsaron raga ka zo yi wa magana.

Ɗalibi a Pardubice:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na yage shafi biyu. Zan fara da hoton, in bi ta Čech da lamba 39, in ba shekarun jira da benci minti uku, bugun biyar minti uku, in rufe da 2010. Anti, adadin sun zama huɗu, a yi mini afuwa, 70 ɗin nan na kasa zubarwa.

Jiya da daddare na sauka na karanta wa mai gidana daftarin. Ya gyara mini furuci a wuri tara, ya ce 199 kamar ina tauna dutse nake faɗinta. Da na kai kan "Hašek na Hrad" bai ce komai ba, ya tashi ya ciro hoton daga bango, ya goge gilashin da hannun rigarsa, ya ce in tafi da shi aji ranar Alhamis amma in dawo masa da shi kafin dare. Asabar kuma ya ce zai kai ni filin wasa, wai ba zai bari in yi magana a kan abin da ban taɓa jin sanyinsa ba. Baba, riga nawa ake sakawa?

Tsohon ɗalibin Prague:
Biyu sun isa, da safa mai kauri. Ta ƙafa sanyin yake shiga.