Neman kalma: "resource leak" da "cleanup" a direbobin Linux

Malamar Kwaleji: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan raba wa ɗalibai takarda da Hausa kan gyaran direbobin kernel na Linux (kernel shi ne zuciyar tsarin, direba kuma manhajar da ke sarrafa wata na'ura), kalmomi biyu sun tsaya mini. Ga yanayin: probe(), wadda kernel ke kira don direba ya fara aiki da na'ura, ta karɓi memori da kzalloc(), ta kunna agogon na'ura da clk_prepare_enable(), sai request_irq(), mai neman katsewa (interrupt, siginar da na'ura ke aika wa kernel), ta gaza, aka yi return kai tsaye. Agogo na kunne, memori na riƙe, babu mai sakin su. Me za a kira wannan, me kuma za a kira gyaransa?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malama. Na farko "yoyo". Na biyu "warwara", kada ki sa "tsaftacewa", domin da baya ake bi: abin da aka karɓa ƙarshe shi ake fara saki. goto err_clk ya kashe agogo, ya gangaro err_free ya yi kfree(). A remove(), wadda ake kira in za a cire direba, ma haka. In aka yi kfree() kafin free_irq(), katsewa na iya shigowa ta taɓa memorin da aka riga aka saki, wannan KASAN, mai gano kurakuran amfani da memori a kernel, ke kamawa.

Malam na Zariya: Warwara ta yi. Yoyo kam ba ta yi ba. Tulun da ke yoyo ruwansa fita yake yi, nan kuwa babu abin da ya fita, riƙe shi aka yi aka ƙi mayarwa. Ni "cin aro" nake cewa. Ku duba for_each_child_of_node(): in ka fice daga zagayen da break ko return ba ka kira of_node_put() ba, ƙidayar masu riƙe da node ɗin (bayanin na'ura a device tree) ba za ta koma sifili ba. pm_runtime_get_sync() ma tana ƙara ƙidaya ko da ta gaza, shi ya sa aka kawo pm_runtime_resume_and_get(). Ina yoyo a nan? Sannan "direba" da "memori" fa? Muna da matuƙi, muna da ma'adana.

Ɗan Damagaram: Malam, ranka ya daɗe, ɗalibin zai buɗe /sys/kernel/debug/kmemleak, inda kernel ke ba da rahoton memorin da ba a saki ba, ya ga "leak" da idonsa. Mu nan da Faransanci "fuite" ake koyarwa, yoyo ke nan. Kalmar da ta haɗa shi da abin da ke kan allo ta fi amfani.

Malam na Zariya: Wato sai Turawa sun yi kuskure mu bi su? Haka aka yi ta cika mana harshe da are-are, har yaro ya ɗauka Hausa ba ta iya ɗaukar ilimi.

Ɗan Damagaram: Ba wanda ya raina Hausa. Amma kullum a can Najeriya ake yanke kalma, mu a ce mu karɓa. "Cin aro" a kunnenmu zargin mutum ne.

Injiniya: Ku dawo kan aiki. Malam yana da gaskiya wajen ƙidaya, amma memori raguwa yake yi a zahiri. In probe() ta dawo da -EPROBE_DEFER, wato a sake gwadawa daga baya, kernel zai sake kiranta, kowane kira ya tafi da wani kaso. Matuƙi kuwa zai rikita ɗalibi, kowa direba ya sani.

Malamar Kwaleji: Na gode muku. Zan sa "yoyon memori" inda memori ne, "rashin mayar da aro" inda ƙidaya ce ko agogo, "warwara" ga hanyar goto. Saura devm_kzalloc() da 'yan'uwanta, waɗanda kernel ke saki da kansa in probe() ta gaza ko an cire direba.

Malam na Zariya: To, ki sa, amma ban yarda da yoyo ba. Ki dai gargaɗe su kan haɗa devm_request_irq() da kfree() na hannu a remove(), domin sai remove() ta gama ake sakin katsewar. Sunan devm kuma a bar shi yadda yake tukuna, zan yi tunani.