Injin jirgin ruwana yana mutuwa in ya yi zafi, batir kuma ba ya caji

Mai Jirgi: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka da shawara. Tsohon inji ne mai doki 40, silinda biyu. Da sanyi yana tashi lafiya, amma da ya ɗauki zafi sai ya mutu, ba zai sake tashi ba sai ya huce. Batir ma kullum a ƙasa. An ce in sayi CDI sabo, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi.

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayi komai tukuna. Ka gwada wuta a daidai lokacin da ya mutu, yana da zafinsa. Fulogi ɗaya ne ba ya kawowa, ko duka biyun?

Mai Jirgi: Duka biyun, Baba.

Baba Makaniki: To da wuya kwayil biyu, wato naɗin wayar da ke ba kowane fulogi wuta, su lalace lokaci guda. Fara da wayar kashe inji, ka zare ta daga CDI. A Yamaha fara ce, a Johnson da Evinrude baƙa mai ratsin rawaya. In wuta ta dawo, makunnin ne ke taɓa jikin inji. In ba ta dawo ba, zargina na kan kwayil ɗin da ke ƙarƙashin fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji. Idan ya tsufa, zafi na buɗe siririyar wayar cikinsa, da ya huce ta sake haɗuwa. Shi ya sa in ka auna shi da sanyi mita za ta ce maka lafiyarsa lau.

Mai Wayarin: Gaskiya ne Baba. Ni kuma batun cajin ya fi tsaya min a rai. Malam, ɗora mita a kan batir. Inji a kashe ka ga kamar volt 12.6, yana gudu ya haura 13.5. In bai motsa ba, duba raktifaya, wato na'urar da ke juya wutar inji ta zama irin wadda batir ke karɓa. Bi wayoyin da suka shiga cikinta, in ka ga robar ta yi baƙi ko kana jin ƙauri, ta ƙone, kuma tana iya jan kwayil ɗin caji su tafi tare.

Mai Jirgi: Wani ya ce in cire kan batir inji na aiki, in bai mutu ba yana caji.

Mai Wayarin: Don Allah kar ka yi! Wannan na iya kashe raktifaya nan take, haka ma juya kan batir ko na daƙiƙa ɗaya. Kuma irin injin nan wutarsa daga maganaɗisun fulawil take, ba daga batir ba, don haka ba zai mutu ba ko da cajin ya lalace. Kankare tsatsar kan batir, ka ɗaure noti da sifana, ba da hannu ba.

Baba Makaniki: In ka buɗe fulawil, taɓa maganaɗisun ka ji ko ɗaya ya saki. Sannan duk gwajin da za ka tayar da inji, ƙafarsa mai farfela ta kasance cikin ruwa, in ba haka ba robar famfon ruwa za ta ƙone.

Mai Jirgi: Allah Ya saka da alheri. Na ɗora mita yanzu, 12.2 ne a kashe, 12.2 yana gudu. Wayar raktifaya ɗaya ta narke har ta manne da 'yar'uwarta.

Baba Makaniki: Amin. Kafin ka sa sabuwa, auna kwayil ɗin cajin, ka tabbata wayarsa ba ta taɓa jikin inji.